Suna Linzami Ne, To Wa Ke Riƙe Da Na Bahaushen Maradi?

Tsakanin 1992 da 1994, wani masanin harshe na birnin Krakow a ƙasar Polan, mai suna Kazimierz Rymut, ya wallafa ƙamus mai juzu'i 10 wanda babu kome a cikinsa sai sunayen zuri'a na mutanen ƙasarsa. Daga rajistar gwamnati ya kwaso su, ya jera su bi da bi, kowane suna da adadin masu amsa shi da yadda suka warwatsu a lardunan ƙasar 49 na wancan lokaci. Saboda haka mutumin Polan da ya gaji wani baƙon suna, wanda masu shi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, yana iya buɗe littafi ya ga ko su nawa ne, ya ga yankin da suka fi yawa, daga nan ya bi sawu har ƙauyen da kakanninsa suka fito.

Idan irin wannan labari ya iso kunnen wasu ƴan boko na jahar Maradi, hukuncinsu ɗaya ne: ga mutanen da suka ci gaba, Bahaushe kuwa ko sunan zuri'a ba ya da shi, shi ya sa kullum takardunsa a hargitse suke. Maganinsu ma a shirye yake, wai kowane gida ya zaɓi suna guda ya daskare a kansa har abada kamar yadda Nasara ke yi. Maganar tana da daɗin ji a ofis, amma ta ɗora laifi a inda babu shi. Hargitsin kam gaskiya ne. Sai dai tushensa yana ga takardar da aka tilasta wa sunan shiga, da alƙalamin da ya rubuta shi.

A fara duba sunayen nan na Polan da ake wa kallon abin al'ajabi. Wanda ya fi kowane yawa shi ne Nowak, mai mutane kimanin 200,000, kuma daga kalmar da ke nufin sabo ya fito, wato mutumin da ya sauka a gari kwanan nan. Bahaushe zai ce Sabo ko Baƙo. Kowalski daga maƙeri ya samo asali. Wójcik daga sarautar mai riƙon ƙauye, wato Maigari. Ɗafin -ski sau da yawa gari yake nunawa, shi kuma -wicz ma'anarsa ɗan wane. Ashe dai rijiya ɗaya aka sha: sana'a, sarauta, garin asali da sunan uba. Abin da ya bambanta su shi ne, a can littattafan coci da na masu karɓar haraji da ɗibar soja suka kama waɗannan laƙubba suka hana su motsi. A Faransa dokar 23 ga Agusta 1794 ce ta haramta wa mutum amsa wani suna ban da wanda ke kan takardar haihuwarsa. A Aljeriya kuwa, da dokar 23 ga Maris 1882 Faransawa suka tilasta wa Musulmi ɗaukar sunan zuri'a, wanda bai samu ba aka liƙa masa haruffa uku, SNP, ma'ana marar sunan zuri'a, har ƴaƴansa suka gaje su. Daskararren suna dabarar mulki ce, an ƙirƙire ta ne don sauƙin mai ƙidayar kawuna, ba ma'aunin wayewar kai ba ce.

Shi kuwa Bagobirin Tibiri da Bakatsinen Gazawa, tun kafin Nasara ya sa ƙafa a ƙasarsu suna da hanyar sanin kowa da asalinsa. Ranar bakwai liman ya raɗa sunan yanka, a yanka rago, maroƙi ya shelanta wa jama'a. Bayan wannan akwai sunan rana, su Ladi da Ɗanladi, Talatu, Balarabe, Lami, Ɗanjuma da Asabe. Akwai sunan da ke ba da labarin haihuwar kanta: Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande ko Delu mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo ya biyo tagwaye, Cindo ya zo da yatsa na shida. Nomau da Anaruwa da Marka ƴaƴan damina ne, Azumi da Sallau sun faɗi watansu da bakinsu. Uwar da ta sha binne ƴaƴa takan kira na gaba Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Sannan ga sunan uba da na kaka, ga sana'ar gado, ga tsagen fuska da ke faɗin dangi tun daga nesa. Masanin nan Bafaranshe Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Maradi, ya bayyana yadda dangogin Anne ke da sunayensu da gadonsu, na noma, na ƙira, na farauta, na su. Mutumin da ke ɗauke da wannan kaya duka, shi ake cewa ba ya da suna?

Ga wannan dukiya aka kawo takarda mai gurbi biyu kacal, Nom da Prénom, wadda aka ɗinka daidai jikin Bafaranshe. Da aka rasa abin zubawa a gurbin farko sai aka sa sunan uba, shi kuwa sunan uba kowane ƙarni sauyawa yake. Wani ma'aikaci ya fara da na ɗa, wani ya fara da na uba, har ta kai shugabannin ƙasa ma ba su tsira ba: wanda ake kira Diori Hamani a gida shi ne Hamani Diori a littattafan waje, Tandja Mamadou shi ne Mamadou Tandja, Issoufou Mahamadou shi ne Mahamadou Issoufou. Idan mai fadar shugaban ƙasa bai san wanne ke gaba ba, ina ga manomin Gangara?

A ɗauki misalin yaro daga wani ƙauye na gundumar Agiye, wanda aka haifa a gida ba a je an yi rajista ba. Ɗan fari ne, sunan kakansa aka mayar masa, don haka uwarsa ba ta faɗin sunansa saboda alkunya, ba ta kuma faɗin na mijinta. Ranar ɗaukar yara lakwal aka tambaye ta, ta ba da laƙabin da ake kiransa da shi a gida, malami ya rubuta. Shekaru suka wuce, aka zo neman takardar alƙali da ke maye gurbin ta haihuwa, wadda ake kira jugement supplétif, uba ya je ya ba da sunan yanka. Yaro ɗaya ya zama mutum biyu. Ba a gano ba sai lokacin haɗa takardun jarrabawar BEPC, sa'ad da gero ya ƙare a rumbu, mota kuma ba kyauta take kai mutum kotu ba. Duk wanda ya san makarantun Gidan Rumji, Agiye da Gazawa ya san irin wannan ba tatsuniya ba ce. Uwar ba ta yi ƙarya ba, uban ma haka. Takardar ce ba ta da gurbin da za ta karɓi gaskiyarsu su biyu.

Ciwo na biyu rubutu ne. Lawali guda ɗaya yana fitowa Laouali, Laoualy, Lawaly, ko Lawali, gwargwadon hannun da ya riƙe alƙalami a ranar. Mu'azu ya zama Maazou ko Moazou, Shu'aibu ya zama Chaïbou, Ya'u ya zama Yaou. Lanƙwasar ɗ da ƙ da ɓ ta ɓace, Ɗan ya koma Dan, Baƙo ya koma Bako. Ƴan uwa uwa ɗaya uba ɗaya sukan tashi da sunan uba iri uku, ranar rabon gado ko neman fasfo a ce su kawo shaidar cewa su ƴan gida ɗaya ne. Wanda danginsa suka ratsa iyaka kuwa, abin ya fi muni: wa yana Jibiya an rubuta uba Usman, ƙane yana Ɗan Isa an rubuta Ousmane. Garuruwan ma ba a bar su ba. Gidan Rumji mai haruffa 10 sai da aka cusa masa uku ya zama Guidan Roumdji, Gazawa ta zama Gazaoua, Tasawa ta zama Tessaoua, duk don harshen baƙo ya samu wurin takawa.

A nan ne labarin Polan ke da darasi na gaske, wanda masu yabonta suka tsallake. Daga 1795 zuwa 1918 babu ƙasar a taswira, Rasha da Furusiya da Ostiriya sun raba ta. A ɓangaren Rasha, daga 1868 da harshen Rashanci ake rubuta rajistar haihuwa, a ɓangaren Jamusawa kuma an sha lanƙwasa sunaye su dace da bakin mai mulki. Da ƙasar ta dawo hannun masu ita, da haruffansu suka rubuta sunayensu. Lech Wałęsa, wanda ya shugabanci Polan daga 1990 zuwa 1995, da haruffa biyu da babu su a Faransanci ko Ingilishi ake rubuta sunansa, ba wanda ya ce masa ya sauke su don baƙi su huta. Ƙamus ɗin Rymut ya yiwu ne saboda suna ɗaya rubutu ɗaya gare shi, a harshen mai sunan. Nijar ta samu mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960. An zauna taron Bamako kan haruffan harsunan Afirka ta Yamma a 1966, ma'aikatar ilimi ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, kundin da aka zartar ranar 26 ga Maris 2025 kuma ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Da wace hujja ce za a ci gaba da rubuta sunan jaririn Gidan Sori da kunnen kwamandan zamanin mulkin mallaka?

Masu son daskararren suna suna da hujja guda mai nauyi, kuma ya kamata a amsa ta. Sun ce gwamnatin zamani da kwamfuta da fasfo ba sa aiki sai da sunan da ba ya sauyawa. To, ga Aisilan a tsakiyar ƙasashen da suka fi kowa tsari, har yau yawancin mutanenta da sunan uba suke tafiya, kowane ƙarni da nasa, jerin sunayensu ma da sunan yanka yake farawa. Ga Habasha mai mutane fiye da miliyan 100, fasfonta sunan mutum ne da na uba da na kaka. A Polan ɗin kanta, sunan Nowak ba ya raba mutum 200,000 da juna; lamba mai alƙaluma 11 da ake ba kowane ɗan ƙasa ita ke raba su. Layin ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa ba ya ɗaukar harafi mai lanƙwasa, gaskiya ne, amma mutanen Polan suna rubuta sunan daidai a sama, su sauƙaƙa shi a ƙasa. Abin da ya ishi ł zai ishi ƙ.

Ba ma'aikacin rajista kaɗai ke da laifi ba. Akwai ƴar bokon da ke alfahari a kira ta Madame wane, ta tura sunan mahaifinta bayan kalmar née, alhali Bahaushiya ba ta taɓa sauya suna don aure ba, aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta yi umarni a danganta mutum ga ubansa, ita kanta dokar Faransa sunan haihuwa ta sani, na miji aro ne na al'ada. Akwai kuma masu jin kunyar Nomau da Tanko da Ajuji, wasu su ce ƙauyanci ne, wasu su ce aznanci ne. Sun manta cewa waɗannan sunaye sun yi ɗaruruwan shekaru kafaɗa da kafaɗa da Muhammadu da A'isha ba tare da faɗa ba, kuma da irinsu tarihi ya san sarakunan Gobir: Babari, Bawa Jangwarzo, Nafata, Yunfa, da Mayaƙi wanda ya kafa Tibiri bayan faɗuwar Alƙalawa ta 1808. Kayan aro ba ya rufe katara.

Gyaran ba ya bukatar taron ƙasa da ƙasa. Takardar haihuwa ta zo da gurbi huɗu a jere: sunan yanka, sunan uba, sunan kaka, sai laƙabin da aka san mutum da shi a gida. A rubuta su da ƙa'idar Hausa, da lanƙwasa da hamza, a ba kowace ma'aikatar magajin gari jerin sunaye da rubutunsu guda, yadda Lawalin Agiye da na Gazawa za su zama Lawali ɗaya. Wanda hannun ma'aikaci ya ɓata wa suna a gyara masa kyauta, domin ba shi ya yi kuskuren ba. Wanda ya ga yana son sunan zuri'a ya ɗauka da yardarsa, kamar yadda su Aminu Kano da Shehu Shagari suka amsa sunan garuruwansu a Nijeriya, amma kada a mai da shi farilla.

Saura aiki ɗaya, na malaman Hausa da ɗalibansu da sashen harsuna na jami'o'in ƙasar. Tsofaffin da suka san dalilin kowane laƙabi, da wanzaman da suka san tsagen kowane dangi, da maroƙan da ke riƙe da salsalar gidaje, kullum raguwa suke. A bi su ƙauye ƙauye daga Tibiri zuwa Gangara, a rubuta kowane suna da ma'anarsa da inda ya fi yawa, tun suna da rai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan an yi haka, jikan Anaruwa ma zai samu littafin da zai buɗe ya ga daga ina ya fito, kuma a harshen da aka raɗa masa suna zai karanta shi.