A Shirya Maharbi Tare Da Bindigarsa

Ina so in yi magana a kan ranar da ake miƙa wa saurayi bindiga ya shiga daji karo na farko. A ganina, yawancin ɓarnar da ake samu wajen farauta, ko ta ran mutum ko ta namun daji, daga wannan rana take somawa, domin akan ba yaro makami a bar shi ya koyi sauran da kansa. Don in bayyana abin da nake nufi, zan kawo misalin jihar Ohayo ta ƙasar Amurka, inda shirya bindigar sabon maharbin barewa yake da tsari sananne, sa'an nan mu duba abin da ya shafe mu a ciki.

Barewar can ba irin tamu ba ce. Ana kiranta mai farar wutsiya, ta fi tamu girma ƙwarai, har namijinta yakan kai nauyin babban mutum. Ƙahonsa yana da rassa kamar itace, kuma kowace shekara yakan zubar da shi ya fid da sabo. Babban lokacin harbinta da bindiga a Ohayo kwana 7 ne, yana farawa ranar Litinin da ke bin bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba. Da yake gonaki da gidaje suna kusa da juna, an daɗe ana hana harbin barewa da raifil mai dogon zango, wadda harsashinta kan yi tafiyar fiye da mil guda. Sai a 2014 aka halatta wasu raifil masu gajeren zango. Saboda haka bindigar harbin tsuntsu, irin wadda muke gani mai baki ɗaya ko baki biyu, ita ce mutane da yawa suka fara harbin barewa da ita.

Abu na farko da suke dubawa shi ne girman bindigar. Akwai lamba 12, akwai lamba 20, kuma abin mamaki, mai babbar lamba ita ce ƙarama. Asalin lissafin shi ne yawan dunƙulen dalma masu daidai da faɗin bututun da za su cika laba guda. In bututun mai faɗi ne, guda 12 sun isa, in kuwa matsattse ne sai an tara 20. Manyan maharba sun fi riƙe lamba 12, amma sabon shiga, musamman yaro ko mai ƙaramin jiki, lamba 20 ake ba shi shawara, domin shurinta da sauƙi. Wanda bindiga ta fara naushinsa a kafaɗa har ya ji jiki, zai riƙa runtse ido yana fizgar kunama tun kafin ta tashi, kuma wannan hali in ya kama mutum da wuya ya sake shi. Haka kuma akan duba tsawon gindin bindigar. In ya yi masa tsawo sai a rage ko a sake gajere, a sa masa matashin roba a ƙarshe, yadda in ya ɗora kuncinsa idonsa zai faɗa daidai kan saiti.

Abu na biyu shi ne harsashi. Harsashin tsuntsu ƙananan ƙwayoyin dalma ne da ke watsuwa, in an harbi barewa da shi sai dai a ji mata rauni ta tafi ta mutu a wahale. Don haka a Ohayo dunƙulallen harsashi guda ɗaya doka ta yarda da shi, wanda na lamba 12 yakan kai nauyin oza guda. In cikin bututun sumul yake, harbin yakan yi daidai zuwa wajen yadi 50 ko 75. In kuwa bututun yana da murɗaɗɗen zane a ciki, mai sa harsashi ya riƙa juyawa yana tafiya, to akan kai yadi 100 ko fiye. Kowane bututu da irin harsashin da ya dace da shi. Bayan wannan, doka ta ce kada a ɗura wa bindiga fiye da harsashi 3. Hikimar a bayyane take: wanda ya san harsashinsa kaɗan ne zai natsu kafin ya harba.

Abu na uku shi ne gyaran saiti, kuma nan ne ake gane mai haƙuri. Makonni kafin lokacin ya zo, sabon maharbi yakan je filin koyon harbi da babba, ya toshe kunnuwansa, ya sa tabarau mai kare ido. Sai a kafa takarda a yadi 50, a bayanta akwai tudun ƙasa, ya ɗora bindiga a kan buhun yashi, ya yi harbi uku. In suka taru a hagu sai a matsa saiti, a sake uku, har su faɗa tsakiya. Daga nan sai ya bar buhun ya gwada a durƙushe da a zaune, kamar yadda zai yi a daji. Wurin da ake nufa a jikin barewa, watau bayan kafaɗa inda zuciya da huhu suke, bai wuce faɗin faranti ba. Ka'idar da ake koya masa ita ce, iyakar nisan da yake samun faranti a kowane harbi, nan ne iyakarsa. Barewar da ta wuce nan ya bar ta ta tafi, ko da kuwa ita kaɗai ya gani a mako.

To, duk wannan gyaran ƙarfe ne da katako. Abu na huɗu, wanda ya fi su duka, shi ne gyaran mutumin. Jihar Niyok ce ta fara tilasta wa sababbin maharba ɗaukar darasi a 1949, sauran jihohi suka bi sahu. A darasin ake cusa musu cewa kowace bindiga a ɗauke ta a ɗure take, kada bakinta ya dubi mutum ko da wasa, kada yatsa ya hau kunama sai an yi niyyar harbi, kuma kada a harbi motsin ganye sai an ga dabbar sarai, an kuma san abin da ke bayanta. A Ohayo dole maharbi ya sa riga mai ruwan lemo mai haske a lokacin bindiga. Idon barewa bai cika bambanta wannan launi da ciyawa ba, amma mutum yana hango shi daga nesa. An kuma ware wa matasa masu shekara 17 zuwa ƙasa kwana biyu nasu a Nuwamba, kowane yaro da babban da zai raka shi, shi babban ba ya harbi, aikinsa sa ido.

Ko wannan tsari ya yi amfani? A farkon ƙarni na 20 barewa ta ƙare ƙaf a Ohayo saboda sare dazuzzuka da harbi ba ƙa'ida. Da ta dawo aka buɗe lokacin harbi a 1943, guda 168 kacal aka kashe. A lokacin farauta na 2023 zuwa 2024 kuwa an kashe fiye da 200,000, kuma dajin bai rasa barewa ba. Akwai kuma haraji a kan bindigogin farauta da harsasai, kashi 11 cikin 100, wanda bisa dokar tarayya ta 1937 ake mayar da kuɗinsa wajen kula da namun daji da koyar da maharba. Watau maharbi da kansa yake biyan kuɗin raya abin da yake harbi.

Na san wani zai ce, a wannan zamani da bindiga ta hana mu barci a Arewa, ina amfanin ɗan makaranta ya yi zancenta? Wani kuma zai ce ai Amurka ba abin koyi ba ce, su da kashe-kashen bindiga ya addabe su. Duka biyu gaskiya ne, kuma ba ina kira a ba ɗalibai makami ba ne. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasin, kuma haka ya dace. Amma mu faɗi gaskiya, a cikinmu akwai 'ya'yan maharba, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ko mun yi magana ko mun yi shiru, wata rana za a miƙa musu adaka. Tambayar ita ce, da wane shiri?

Kakanninmu sun san amsar. Yaron maharbi yakan yi shekaru yana ɗaukar burgami da gora, yana koyon sawu da iska, kafin a bar shi ya ɗana kibiya, kuma akwai Sarkin Baka da ke tsawatawa. Yanzu fa? Sai a cika mota da samari da karnuka da rani, a cinna wa daji wuta, a harbi duk abin da ya motsa, mai ciki da mai shayarwa. Adakar da aka zuba wa albarushi da ka takan fashe a hannun mai ita, kuma kowa ya sha jin labarin wanda aka harba a kan zaton gada ce. Dokar namun daji ta Arewa tana nan tun 1963, gandun Yankari kuwa tun 1956, amma ku tambayi tsofaffin garinku yaushe rabonsu da ganin garken barewa ko gwanki a bayan gari.

Don haka ina roƙon iyayenmu maharba abubuwa kaɗan. Kada a ba saurayi bindiga sai da izinin hukuma, kuma a ba shi wadda ta yi daidai da jikinsa, a auna masa albarushi da ma'auni. A kai shi gindin tudu ya yi ta gwaji har a san iyakar hannunsa, kuma shekararsa ta farko kada ya shiga daji sai da babba a gefensa. Ƙungiyoyin maharba da masu unguwanni su tsai da watannin da ba a harbi, don dabba ta samu ta haihu. Mu kuma ɗalibai, in mun koma gida hutu, mu karanta wa iyayenmu wannan cikin ladabi, mu ji abin da za su ce, don sun fi mu sanin daji. Harsashi kamar zarar bunu yake, in ya fita ba ya komawa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.