Mauro Forghieri: Gwanin da Maroƙa Suka Tsallake

Al'ada ce ta ɗan'adam, idan aka yi sukuwa aka ƙare, mahayi ake yi wa guɗa, ba a tambayar wanda ya kwana a barga yana kiwon dokin. Haka abin yake a gasar tseren motoci ta Formula 1, inda sunan direba ke cika duniya, injiniyan da ya ƙera motar kuwa sai 'yan tsiraru suka san shi. Wannan rashin adalci ne, kuma rayuwar Mauro Forghieri, mutumin Italiya, ta isa hujja.

An haifi Forghieri a birnin Modena cikin shekarar 1935. Ya yi karatun injiniyanci a Jami'ar Bolonya, ya gama a 1959, sa'an nan ya kama aiki a kamfanin Ferrari, inda mahaifinsa ma ya yi aikin ƙira. A ƙarshen 1961 saɓani ya shiga tsakanin Enzo Ferrari da manyan ma'aikatansa, har babban injiniya Carlo Chiti da waɗansu suka bar kamfanin. Maimakon mai gidan ya nemo wani gogagge daga waje, sai ya ɗora wa wannan saurayi ɗan shekara 26 nauyin ƙera motocin tseren kamfanin gaba ɗaya.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin wannan amana, domin a 1964 John Surtees ya ci kambun duniya da motar da Forghieri ya tsara. Daga nan sai aka shiga fari na shekara goma cur ba tare da kambu ba. Forghieri bai karaya ba, har ya fito da motar nan 312T a 1975, wadda ya gicciya akwatin giyarta domin nauyi ya taru a tsakiya, ta riƙa shan kwana cikin sauƙi. Da ita da ƙannenta ne Niki Lauda ya ci kambu a 1975 da 1977, Jody Scheckter kuma a 1979. A jimlace, a zamaninsa Ferrari ya sami kambun direbobi sau 4, na maƙera kuwa sau 7.

Mai yiwuwa wani ya ce ai direba ne ke sayar da ransa, injiniya kuwa yana tsaye gefen hanya riƙe da agogo. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin Lauda ya ƙone ƙwarai a Jamus a 1976, Gilles Villeneuve kuwa ya rasu a Beljiyam a 1982. Babu mai hankalin da zai rage wa irin waɗannan mazaje daraja. Amma a dubi ita shekarar 1982 ɗin da kyau. Bayan rasuwar Villeneuve, abokin aikinsa Didier Pironi ya ji mummunan rauni wanda ya raba shi da gasar, duk da haka Ferrari ne ya ɗauki kambun maƙera da direbobin da suka maye gurbinsu. Mahaya sun sake, doki bai sake ba. To, ina asirin nasarar yake?

Forghieri ya bar Ferrari a 1987 ya koma Lamborghini, ya rasu a 2022 yana da shekara 87. Ɗaliban adabi sun sani sarai cewa waƙoƙin yabo sukan ambaci jarumi su manta da maƙerin da ya ƙera takobinsa. Maroƙi yana da uzuri, domin inda ake kyauta can yake dosa. Mai nazari ba shi da wannan uzuri. Wajibinsa ne ya leƙa maƙera kafin ya rubuta tarihin fage, ya ba kowa haƙƙinsa, tun da yake yabon gwani ya zama dole.