Masu shirin nutso a Zanzibar: a bar kunya a bakin teku



Maganar tafiya hutu Zanzibar da wasu matasanmu ke shiryawa ta kai kunnen kowa, har an fara zubin adashi. Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne nutso, irin wanda mutum ke goya tukunyar iska, ya sa gilashi a fuska, ya sauka ƙarƙashin teku ya ga kifaye da murjani da kunkurun ruwa a kusa da tsibirin Mnemba. Wasu daga cikin iyayenmu sun ce almubazzaranci ne da kwaikwayon Turawa. Mu a namu ganin, wanda ya nemi halalinsa kuma ya sauke haƙƙin iyalinsa, ba laifi ya je ya buɗe ido, tafiya ai mabuɗin ilimi ce. Abin da ke ba mu tsoro a tafiyar ayari irin wannan shi ne kunya.

Mun san halinmu. In aka tambaya wa ya iya ruwa, kowa zai ɗaga hannu, har wanda iyakarsa wanka a rafin ƙauye da ruwa iya gwiwa. Mai asma ba zai faɗa a gaban abokai ba. Wanda gabansa ya faɗi a cikin kwale-kwale zai cije ya daure, don kada a dawo gida ana yi masa tsiya a zauren WhatsApp. Irin wannan dauriyar tana da amfani a kasuwa da kan hanya, amma a ƙarƙashin ruwa tana iya cin rai.

Ga dalili. Da zarar mutum ya kai zurfin mita 10 a teku, matsin da ke danne jikinsa ya ninka na kan tudu sau biyu. Iskar da ya shaƙa daga tukunya a can ƙasa, in ya taso zuwa saman ruwa, za ta kumbura ta ninka girmanta. In tsoro ya kama shi ya riƙe numfashi ya yunƙuro sama da sauri, iskar ba ta da mafita, sai ta yaga huhu. Ko a zurfin 'yan mitoci kaɗan hakan na faruwa. Shi ya sa dokar farko da ake koya wa ɗalibi ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi. Mai asma kuwa, hanyoyin iskar ƙirjinsa na iya tsukewa su riƙe masa numfashin ko bai so ba.

Akwai haɗari na biyu. Abin da ke cikin tukunyar, iska ce irin wadda muke shaƙa kullum aka matse ta, kuma kashi 78 cikin 100 na wannan iska nitirojin ne. A cikin zurfi, nitirojin yana narkewa ya shiga jini da tsoka. In an taso a hankali, zai fita ta numfashi. In an taso a guje, abin zai zama kamar an girgiza kwalbar lemo an buɗe ta farat ɗaya: kumfa ta taso a jini da gaɓoɓi, ta jawo ciwo mai tsanani, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Saboda haka ake tsayawa na minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito. Saboda haka kuma ba a hawa jirgin sama nan take, tunda matsin iska a cikin jirgi bai kai na ƙasa ba. Ana jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa.

Masu wannan sana'a sun san da matsalar kunya, har suna da ƙa'ida a kanta: kowa na da ikon ya ce ya fasa, a kowane lokaci, kuma ba wanda zai tambaye shi dalili. Ba a yin nutso mutum ɗaya, sai bibbiyu, kowa na lura da ɗan uwansa. Magana da hannu ake yi. Ɗaga babban yatsa, wanda mu muka saba da shi a matsayin "lafiya lau", a can yana nufin "mu hau sama". Wanda ya ɓoye damuwarsa a ƙasa ya jefa kansa da abokin tafiyarsa cikin haɗari.

Don haka muna ba masu shirya tafiyar nan shawara biyar.

Na farko, kowa ya ga likita shi kaɗai kafin ya biya kuɗin nutso. Mai ciwon zuciya, hawan jini, farfaɗiya, ciwon suga ko asma ya faɗi gaskiya a takardar lafiya da kamfanin zai ba shi. Mai sikila da mace mai juna biyu kada ma su gwada. Ko mura ce ta kama mutum a ranar, ya haƙura, don kunnen da ya toshe ba ya jure matsin ruwa. Wannan bayani tsakanin mutum da likita ne, ba na karantawa a taro ba.

Na biyu, a raba kuɗin tafiya da kuɗin nutso. Wanda ya riga ya zuba kuɗinsa a dunƙule zai shiga ruwa ko ransa bai kwanta ba, don kada ya yi asara. A bar mutum ya yanke shawara bayan ya ga tekun da idonsa.

Na uku, a koyi iyo tun daga nan gida. Kwas ɗin farko na PADI, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin da ke ba da takardar shaidar nutso a duniya, yana ɗaukar kwana 3 zuwa 4. Sai mutum ya yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ya kuma zauna a saman ruwa na minti 10, kuma ko ya samu takardar, iyakarsa mita 18. Akwai nutson gwaji na rana ɗaya tare da malami, wanda ba ya wuce mita 12. Duk wanda ya ce zai kai baƙon ruwa fiye da haka, a guje shi.

Na huɗu, araha ba ta ado. A nemi ganin takardar malamin, a tambayi mutum nawa yake kula da su a lokaci ɗaya, ko akwai iskar oksijin ta taimakon gaggawa a kwale-kwalen, da kuma inda asibiti mai ɗakin matsin iska yake, don can ake jinyar wanda kumfar nan ta kama. A kuma tabbatar inshorar tafiyar ta haɗa da nutso.

Na biyar, ranar ƙarshe ba shiga ruwa. A yi ta a Stone Town, tsohon birnin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, a ci abinci, a sayi kanumfari da tsarabar yara.

Wani zai ce muna tsorata jama'a. Ba haka ba ne. Dubban mutane na nutso su fito lafiya a kullum, saboda suna bin waɗannan dokoki. Mu dai ba ma so a tafi mutum goma sha biyu a dawo sha ɗaya, a bar mu da sanarwar rasuwa da neman kuɗin ɗauko gawa daga wata ƙasa.

Muna roƙon shugabannin ayarin su tsaya gaban kowa tun kafin a sayi tikiti, su faɗa da bakinsu cewa wanda ya zaɓi ya zauna a kwale-kwale ba za a yi masa dariya ba, a can ko bayan an dawo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Su kuma zo taronmu na gaba da tsarinsu a rubuce, iyaye su gani su sa albarka.

Allah ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya.

Sakataren ƙungiya