Citta da Gyambon Hanji

Ya 'yan'uwa malamai da fatake, ku sani a shekarar 2016 masana a jami'ar jihar Jojiya ta Amurka suka markaɗe citta, wato zanjabil da aka ambata cikin Suratul Insani, suka ware daga ruwanta ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Suka ɗura wa ɓeraye masu kumburin hanji, kumburin ya lafa.

Amma fa ɓera ba mutum ba ne. Wannan cuta, jiki ne ke yaƙar hanjinsa, ta kwanta ta tashi, da zawon jini shekara da shekaru. Dillalin da ya ce cittar Kaciya maganinta ce, lalle ya yi ƙarya cikin ciniki. Mai zawon jini ya je asibiti a duba shi.