Wankin Ƙarafan Mota: A Raba Hannu da Fetur

Duk wanda ya taɓa kwance kafireta ko boris ɗin ƙafar mota ya san cewa rabin aikin wanki ne. Sai an kawar da daskararren giris da baƙin mai da ƙura kafin ido ya ga inda ƙarfe ya cinye ko ya tsage. A garejojinmu, da gidajen masu gyara motarsu da kansu, hanyar kusan ɗaya ce: a zuƙo fetur daga tanki da tiyo, a zuba a gwangwani, a tsoma hannu ba safa a yi ta cuɗawa. A tawa fahimtar lokaci ya yi da za a bar wannan al'ada, saboda wuta da kuma lafiyar jiki.

Mu fara da wuta. Kowane irin mai yana da matakin zafin da yake fara fitar da tururin da zai kama da wuta in ƙyastu ya kusance shi. Na fetur yana wajen digiri 40 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selshiyas, wato ko a tsakiyar hunturu gwangwanin fetur a buɗe yana shirye ya kama. Na kananzir yana farawa daga digiri 38, na man gas kuwa ya haura 50. Bugu da ƙari, tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama. Yakan kwanta ya bi ƙasa har ya tarar da murhu ko janareta ko guntun taba, wutar ta biyo shi zuwa gwangwanin. Sai dai kada mai karatu ya ɗauki kananzir a matsayin salihi. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato yakan wuce digiri 40, ya zarce matakin kamawarsa ke nan. A yi aiki da shi a inuwa, inda iska ke kaɗawa, a kuma saye shi a wurin da aka amince da shi, domin kananzir da aka gauraya da fetur ya sha fashewa a fitilu da risho a ƙasar nan.

Abin da ya fi damuna, a matsayina na mai nazarin halittu, shi ne fata. Fetur yana wanke giris ne saboda maiƙo yana narkar da maiƙo. To, shimfiɗar waje ta fatar ɗan Adam ma da maiƙo aka gina ta: matattun ƙwayoyin halitta ne jere kamar tubala, maiƙon da ke tsakaninsu shi ne sumuntin da ke riƙe ruwan jiki a ciki, ya kuma tare guba a waje. Fetur bai san bambancin girisin boris da wannan maiƙo ba. Farin da hannu yake yi bayan wanki alama ce ta cewa an kwashe shi. In aka maimaita kullum sai fata ta bushe ta tsattsage, ƙofa ta buɗe wa abin da ke cikin gwangwanin.

Me ke cikinsa? Da farko akwai sinadarin benzin, wanda ke shiga jiki ta numfashi da ta fata. Hanta tana sarrafa shi zuwa wasu sinadarai da ke kai wa ɓargo hari, ɓargo kuwa shi ne masana'antar jini. An daɗe da tabbatar da cewa benzin yana haddasa sankarar jini, shi ya sa Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa kashi 1 cikin 100 na fetur tun shekarar 2000. A 2025 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya fetur ɗin kansa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo wa mutane sankara. Na biyu akwai dauɗar da aka wanko. Tsohon baƙin mai yana ɗauke da dangin sinadaran da ke cikin kunkunniya, kunkunniya kuwa tun 1775 wani likita a Landan, Percivall Pott, ya danganta ta da sankarar da ke kama masu share bututun hayaƙi. Zuƙar fetur da baki kuma ba ta da hujja ko kaɗan: ɗan kaɗan da ya sarƙe ya faɗa huhu ya isa ya kumbura shi.

A ƙasashen Turai da Amurka masu gyara a gida suna sayen injin wanke ƙarafa. Baho ne na ƙarfe mai murfi, da ɗan famfo na lantarki da ke turo ruwan wanki ta tiyo zuwa buroshi, dauɗa ta kwanta a ƙasa, ruwan ya sake zagayowa. Murfin da yawa daga cikinsu yana rataye da wani ɗan ƙarfe mai narkewa, in wuta ta tashi sai ya faɗo ya rufe ta. Masu ƙera shi suna gargaɗin kada a zuba masa fetur, kuma wanda aka yi don ruwan sabulu ba a sa masa kananzir, domin robobin famfonsa ba za su jure ba. Wanda ba shi da halin sayensa bai yi asara mai yawa ba. Baho mai murfi, da raga da za ta ɗaga kayan daga ƙasan bahon, da buroshi mai doguwar ƙota, sun yi kusan duk aikin.

Abin da za a zuba shi ne magana. A fara kankare daskararren giris da tsinke da tsumma. Yawancin ƙarafa ruwan zafi da garin sabulu sun ishe su, muddin an busar da su nan take an shafa musu mai don gudun tsatsa. A guji soda mai ƙarfi a kan alminiyon, irin kafireta da kan injin, domin tana cin sa. Abin da ya gagari sabulu a jiƙa shi a kananzir ko man gas, da safar hannu ta roba mai jure mai. Irin ta danƙo kumbura take yi. Robobin birki kuwa kada kananzir ko gas ya taɓa su, yana kumbura su. Birki yana da nasa maganin feshi, amma a karanta gwangwanin: mai ɗauke da sinadarin kulorin, in zafin walda ya same shi, yakan fitar da fosjin, iskar gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Makanikai za su ce fetur yana kusa, yana saurin bushewa. Gaskiya ne, amma saurin bushewar nan tururi ne da ke shiga hanci, kuma tun da aka janye tallafi a 2023 kuɗi ne ke bin iska. Kananzir ko gas, in an rufe shi ya kwana, dauɗa za ta kwanta a tsiyaye na sama a sake amfani da shi sau da yawa. Guibar da ta rage a tara ta a jarka tare da tsohon baƙin mai, a kai wa masu karɓarsa. Kada a zubar a kwata ko a bayan gida, domin a unguwanni da yawa rijiyar da ake sha ba ta fi 'yan taku ba daga inda ake wankin.