RA'AYINMU: Wa Ya Ji Muryar Wakilin Kutemeshi?

A al'adar Bahaushe, in an aiki mutum, aiken bai cika ba sai ya komo ya durƙusa ya ba da labari: ga abin da na tarar, ga abin da na faɗa, ga kuma amsar da aka ba ni. Ko yaron da aka aika kasuwa, in ya dawo sai ya ajiye cefane ya ƙirga canji a gaban wanda ya aike shi. Da wannan ma'auni, wanda kowace tsohuwa a ƙauye ta san shi, muke so mu auna wakilanmu na Majalisar Tarayya a wannan fitowa. Mun ɗauki Kutemeshi ta ƙasar Birnin Gwari domin ta zama misali, saboda a irin waɗannan wurare ne shirun ɗan aike yake zama maganar rai da mutuwa.

Kutemeshi ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, tana kuma ɓangaren gabas tare da su Kuyello da Tabanni da Dogon Dawa. A Abuja tana da bakuna biyu. Na farko shi ne kujerar Birnin Gwari da Giwa, ɗaya daga cikin kujeru 360 na Majalisar Wakilai, wadda Alhaji Bashir Zubairu Usman ya ci a zaɓen 2023. Na biyu shi ne kujerar Kaduna ta Tsakiya, ɗaya daga cikin 109 na Majalisar Dattawa, wadda Sanata Lawal Adamu Usman ya ci a wannan shekara. Ba mu ambaci sunayensu domin mu ɗora musu wani laifi ba. Abin da za mu koka da shi ya girme su, sun tarar da shi, kuma in ba a tashi tsaye ba za su bar shi ga na bayansu.

Mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa manomin Kutemeshi da mahawarar Abuja? To, a duba Tsarin Mulki na 1999. 'Yan sanda da soja duk a hannun Tarayya suke. Zinariyar da ake haƙa a ƙasar Birnin Gwari, doka ta ce ikonta na Tarayya ne. Gandun dajin Kamuku tun 1999 ya koma ƙarƙashin Tarayya. Babbar hanyar da ta taso daga Kaduna ta ratsa Birnin Gwari zuwa Tegina ta Tarayya ce. Kuɗin da za a kashe a kan waɗannan duka, ba a taɓa ko kwabo sai Majalisa ta amince da kasafi. Watau bindigar da za ta tsare manomi, da hanyar da zai kai masararsa kasuwa, da dajin da ɓarayi suka mayar maɓoya, duk suna rataye ne a kan ƙuri'ar da ake jefawa a zauren nan.

Mutanen wannan ƙasa kuwa sun biya farashin sakaci da jininsu. A watan Mayu na 2018 an kashe mutum fiye da 40 a Gwaska a rana guda. A watan Fabrairu na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna da kanta ta tabbatar da kashe mutum 14 a Kutemeshi. Alhali kuwa sashe na 14 na Tsarin Mulki ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Saboda haka dattijon da ya binne ɗansa yana da hakkin ya tambaya: ranar da aka kawo kasafin tsaro, me wakilina ya ce? Ranar da aka nemi izinin ciwo bashin da jikokina za su biya, ya yarda ko ya ƙi? Yana ma zauren kuwa a ranar?

Abin takaici shi ne, a mafi yawan lokuta babu takardar da za ta amsa masa. Yadda Majalisarmu ta saba yanke hukunci shi ne ƙuri'ar baki. Shugaba zai ce masu goyon baya su amsa, a yi shewa. Ya ce masu adawa su amsa, a sake yin shewa. Sa'an nan ya auna da kunnensa, ya buga guduma, shi ke nan magana ta zama doka. Kundin Majalisa zai rubuta cewa an amince, amma ba zai ce wane ya ce i, wane ya ce a'a, wane kuma yana can otal yana barci ba. Da haka wanda ya yi gaskiya da wanda ya ci amana suke fitowa da riga iri ɗaya, kowa ya koma gida ya ce ai shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa, rinjaye aka yi masa.

Domin a ga abin da rubuta suna yake iya yi, a tuna da ranar 15 ga Yuli, 2021. Ana mahawara a Majalisar Dattawa a kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, sai aka kawo gyaran da ya ce Hukumar Zaɓe ba za ta yi haka ba sai Hukumar Sadarwa ta tabbatar da cewa layin waya ya wadata, kuma Majalisa ta amince. Hujjar masu gyaran ita ce ƙauyukan da ba su da layin waya, watau da sunan irin su Kutemeshi aka yi maganar. Aka yi ƙuri'ar baki, shugaba ya ce gyara ya wuce. Sai jagoran marasa rinjaye na lokacin, Sanata Enyinnaya Abaribe, ya ƙi yarda, ya nemi a rarrabe. Aka riƙa kiran sanatoci ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙe ya faɗi matsayinsa. Mutum 52 suka goyi bayan gyaran, 28 suka ƙi, 28 kuma ba su nan. Kashegari jaridu suka buga sunayen, jama'a suka yi ca. Kafin ƙarshen watan Oktoba na wannan shekara Majalisar Dattawa ta janye matsayinta, ta bar wa Hukumar Zaɓe ikon tsara yadda za ta aika sakamako. Ba muna nan muna yanke hukunci a kan wanda ya fi gaskiya cikin ɓangarorin biyu ba ne. Abin lura shi ne, da sunaye suka fito fili, sai ra'ayin talaka ya yi nauyi.

A kwatanta wannan da abin da ya faru a watan Maris na 2025, sa'ad da Shugaban Ƙasa ya kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas. Sashe na 305 ya ce irin wannan mataki ba ya tsayawa sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na dukan 'yan kowace majalisa, watau wakilai 240 da sanatoci 73. Amma a ranar 20 ga watan duka majalisun biyu da ƙuri'ar baki suka amince. Muna tambaya da ladabi: wane kunne ne yake iya ƙirga mutum 240? Jiya Ribas ce, gobe ana iya cewa wata jiha ce ta Arewa, kuma babu ɗan ƙasar da zai iya buɗe kundi ya ga inda wakilinsa ya tsaya.

Mun san za a ce ƙuri'ar baki ta fi sauri, kuma ko a Ingila ana yin ta. Gaskiya ne, ba mu kuma ce a riƙa kiran sunaye a kan ɗage zama ko gaisuwar ta'aziyya ba. Amma a Ingila, da zarar an yi jayayya a kan magana mai nauyi sai a rarrabe, a buga sunan kowa a kundi. A Amurka tsarin mulkinsu ne ma ya ce in kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda suke zaure suka nema, dole a rubuta ƙuri'ar kowa. Mu ma ba kayan aiki muka rasa ba, domin da na'ura aka jefa ƙuri'ar gyaran Tsarin Mulki a 2017 da kuma ranar 1 ga Maris, 2022. Na'urar da ta iya ƙirga adadi ta iya fitar da suna. Niyya ce babu, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Ba mu ce duk aikin wakili a ɓoye yake ba. Shirin dokar da mutum ya gabatar yana ɗauke da sunansa. An san cewa Malam Uba Sani, lokacin da yake riƙe da kujerar Kaduna ta Tsakiya daga 2019 zuwa 2023, shi ne ya gabatar da dokar bankuna da aka sa wa hannu a 2020. An kuma san cewa wanda ya gabace shi, Sanata Shehu Sani, shi ne ya fallasa a 2018 cewa kowane sanata yana karɓar naira miliyan 13.5 a wata da sunan kuɗin tafiyar da ofis. Amma yawan shirin doka ba shi ne ma'auni ba, domin da yawa daga karatu na farko suke mutuwa. Haka nan ƙudurin da wakili yake kawowa bayan an kai hari, a yi shiru na minti ɗaya, a roƙi hukuma ta tura jami'ai, shawara ce kawai, ba ta tilasta wa kowa. Wakili yakan yi magana a kan abubuwa kaɗan, amma yana jefa ƙuri'a a kan kome. Can ne ainihin halinsa yake, can ne kuma aka rufe mana ƙofa.

Haka zancen halarta. Sashe na 63 ya ce kowace majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Sashe na 68 ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin zama ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ya rasa kujerarsa. Sashe na 69 ya ba jama'a ikon yi wa wakili kiranye in fiye da rabin masu rajista suka sa hannu. Duk waɗannan makamai ne masu kyau, amma wuƙa ce ba ƙota muddin rajistar halarta ba ta zuwa hannun talaka.

To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu da kanmu muka sauya wa wakili aiki. In ya zo gida ba mu tambayarsa me ya ce a kan kasafi. Tambayarmu ita ce ina buhun shinkafa, ina babur, ina kujerar Makka. Mun mayar da mai yin doka ɗan kwangilar rijiya, shi kuma ya gane cewa rijiya ɗaya mai ɗauke da hotonsa ta fi masa amfani bisa shekara huɗu na karatun takardun kwamiti. Ba mu zargin wanda yunwa ta kora daga gonarsa in ya miƙa hannu ya karɓa. Waɗanda muke zargi su ne mu masu ilmi, da muka san bambanci amma muka bi layi, har wasunmu suka zama 'yan koren masu kujera saboda kuɗin rajista na zango ɗaya.

Akwai kuma maganar harshe. Sashe na 55 ya ce za a gudanar da aikin Majalisa da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci in an yi tanadin da ya dace. Wannan alkawari yana nan tun a Tsarin Mulki na 1979, amma har yau da Turanci ake yin kome. Ko da an buga sunaye, in da Turanci ne kawai, to an ba makaho madubi.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi. Na ɗaya, majalisun biyu su gyara ƙa'idojinsu ta yadda kasafin kuɗi, da cin bashi, da dokar ta-ɓaci, da dokokin tsaro da na zaɓe, da gyaran Tsarin Mulki, ba za su wuce ba sai an rubuta ƙuri'ar kowa da sunansa. Na biyu, a riƙa buga rajistar halarta a ƙarshen kowane wata. Na uku, wakilan Birnin Gwari kada su jira sai an gyara ƙa'ida. Babu dokar da ta hana mutum ya faɗi yadda ya jefa ƙuri'arsa. Su riƙa fitar da takarda da Hausa, boko da ajami, duk wata uku, a karanta a rediyo, a manna a kasuwa, su kuma je gaban jama'a a mazaɓu 11 ɗin nan su amsa tambaya. Wanda ya fara wannan, ko da mun saɓa da shi a siyasa, za mu yaba masa a wannan shafi.

Na huɗu namu ne, mu ɗalibai. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa hukuma ya nemi takarda, a amsa masa cikin kwana 7. 'Yan'uwanmu da suka fito daga Birnin Gwari da Giwa su haɗa kai da masu karatun shari'a da na Hausa, a rubuta wa Akawun Majalisa, a tattara abin da aka samu, a fassara, a kai gida lokacin hutu. In an ƙi ba da amsa, wannan ma labari ne, a kai shi gida. Sharaɗi ɗaya ne: a rubuta gaskiya, kada a yi wa kowa ƙage, kada kuma aikin ya zama haya ga wata jam'iyya.

A watan Nuwamba na 2024 an yi sulhu a Birnin Gwari, har aka sake buɗe kara bayan shekaru tana rufe. Muna roƙon Allah Ya ɗorar da zaman lafiya. Amma ɗorewarsa tana bukatar hanya da makaranta da asibiti da jami'an tsaro, waɗannan kuwa duk sai an jefa musu ƙuri'a. In masu neman kujera suka iso Kutemeshi da ganga da alkawari, muna fata dattawa za su shimfiɗa musu tabarma, su ba su ruwa, sa'an nan su yi musu tambayar da ake yi wa kowane ɗan aike: da ka je, me ka ce? Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, Ya ba mu kuma ƙarfin halin tambayarsu. Amin.