Waƙa Ba Ta Shiga Buhun Zube

Akwai wata al'ada da ta samu gindin zama a kundayen bincike na ɗalibai. Mai bincike zai tafi ƙauye ya saurari waƙa, ya dawo ya rubuta "abin da mawaƙiyar ke nufi" cikin jimla uku ko huɗu na zube, wani lokaci ma da Faransanci, sa'annan ya ɗora nazarinsa a kan wannan taƙaitawa. Irin wannan aiki yana adana jigo ne kawai, alhali kuwa rabin ma'anar waƙa a cikin siffarta yake.

Ƙasar Damargu ta isa misali. Daga Tanut zuwa Belbeji, har can Tenhiya inda gonakin hatsi ke ƙarewa makiyaya ta soma, Hausawa da Dagira da Buzaye da Fulani suna zaune tare, kuma mafi yawan waƙoƙinsu a kan aiki ake yin su. Mace mai daka tana ajiye gaɓar kalmarta daidai inda taɓarya ke sauka. Idan su biyu ne a turmi guda suna lugude, sai ɗango ya rabu tsakaninsu, wannan ta bayar, waccan ta amsa. A wajen Buzaye ma turmin kansa ake rufe wa baki da fata ya zama gangar tande. Wanda ya taƙaita waƙar daka da cewa "matar tana kukan kishiya" bai yi ƙarya ba. Sai dai ya zubar da abin da ya ba ta damar faɗin maganar a tsakar gida ba tare da an kira ta marar kunya ba. Habaicin da aka rera kan bugun taɓarya kowa na iya cewa waƙa ce kawai. Da a zube aka faɗe shi, faɗa ne tsirara.

Ilimin harshe yana da bayanin hakan. Hausa tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma a kan wannan bambanci ne marubuta waƙa tun zamanin jihadi suka ɗora karuruwan Larabci irin su Mutaƙarab da Kamil da Rajaz. Tana kuma da karin sauti, wanda Dalhatu Muhammad ya nuna a 1980 cewa yana iya zama amsa-amo mai zaman kansa a ƙarshen ɗango. Rubutun boko na yau da kullum bai nuna tsawon wasali ko karin sauti. "Gari" na zama da "gari" na tuwo a takarda iri ɗaya ne, a baki kuwa wasalin farko ya raba su. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya karin gaɓar ƙarshe ne ya bambanta su. "Fari" na launi da "fari" na rashin ruwa ma sun yi kusa ƙwarai a furuci, shi ya sa mawaƙi a ƙasar da ta sha wuyar 1973 da 1984 zai iya ambaton ɗaya, mai sauraro ya ji duka biyun. Mai taƙaitawa dole ya zaɓi guda, kuma da zarar ya zaɓa ya kashe wasan.

Haka zancen maimaici yake. A zube, maimaita jimla sau goma aibi ne da malami zai ja wa jan layi. A waƙar fada irin ta Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, amshi shi ne turken da kowane baiti ke komawa gare shi, kuma duk dawowarsa yana ɗauke da nauyin abin da aka faɗa kafinsa.

Masu kare taƙaitawa suna da hujja. Malamin da ke duba kundi ba lalle ne ya ji Tamajak ko Fulfulde ba, sanya alamun kari kuma aiki ne mai cin lokaci. Wannan gaskiya ne, ba kuma wanda ya ce a daina fassara. Abin da ake nema shi ne ta tsaya a matsayinta na ƴar rakiya. Kowane kundi ya kamata ya zo da muryar da aka naɗa, wadda wayar hannu ma ta isa ta ɗauka, sai matanin waƙar ɗango bayan ɗango da tsawon wasali da kari, a nuna inda amshi ya shiga da inda taɓarya ko ganga ta sauka. Bayan haka fassara ta biyo.

Tun daga Maris na 2025 da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ana sa ran littattafan makaranta za su nemi waƙoƙin gargajiya, kuma daga kundayen jami'o'in Yamai da Zindar za a ɗebo su. Injin niƙa yana ta karɓe aikin turmi a ƙauyuka, tsofaffin da suka riƙe waƙoƙin suna ta raguwa. Abin da ɗalibi bai naɗa bana ba, da wuya wani ya same shi baɗi.